Babi na Biyar: Fada Tansi, Limamin Ƙauye

Wajen shekarar 1940, dattawan Umudioka, wani gari da ke gabas da Anacha a kan tsohuwar hanyar Enugu, suka nuna wa sabon Fadan da aka turo musu inda zai kafa coci. Kurmi ne da ba mai sa ƙafa a cikinsa. A ƙasar Ibo ta wancan zamani kusan kowane gari yana da irin wannan mugun daji, inda ake yar da gawar wanda agana ko kuturta ko kumburin ciki ya kashe, da wanda ya rataye kansa, da tagwayen da aka haifa, don an yi imani ƙasa ba ta karɓar irinsu. Ba wa 'yan mishan irin wannan fili ba sabon abu ba ne. Kyauta ce da ba ta rage wa mai bayarwa komai, kuma gwaji ce: in Ubangijin baƙon yana da ƙarfi, to a gani a ƙasa.

Sai dai a wannan karon baƙon ba Bature ba ne da zai ce bai san dawan garin ba. Ɗan Aguleri ne, ya tashi yana jin abin da ake cewa yana samun duk wanda ya keta irin wannan daji. Mutum ne siriri mai tabarau, idonsa ɗaya ya mutu tun yana yaro. Ya ɗauki ruwa mai tsarki ya kutsa cikin kurmin yana yayyafawa, ya fito lafiya lau. Daga nan mutane suka ɗauko adduna suka fara sara. A wurin aka kafa cibiyar farish ɗin Dunukofia, wato yankin garuruwan da aka damƙa wa wannan Fada amanarsu. Sunansa Michael Iwene Tansi, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da Ikilisiyar Katolika ta ɗaga zuwa matsayin Mai Albarka, matakin da ke gab da na waliyyi.

An haife shi a shekarar 1903 a Igboezunu, wani ƙauye na Aguleri a gaɓar kogin Anambra. Iyayensa manoma ne masu bin addinin gargajiya. Kiristanci bai daɗe da isa yankin ba: Fadan-fadan ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki sun sauka Anacha ne a ƙarshen 1885 ƙarƙashin Fada Joseph Lutz, bayan 'yan shekaru kuma wani babban mutumin Aguleri mai suna Idigo ya karɓe su, har aka kafa unguwar Kiristoci a gefen gari. Can aka kai yaron wurin wani ɗan'uwan mahaifiyarsa da ke koyarwa a makarantar mishan, ya zama ɗan aikensa yana kuma karatu. Riƙo ne mai tsanani, na bulala da tashin asuba. A 1912, yana ɗan shekara tara, aka yi masa baftisma da sunan Michael. Yana shekara goma sha shida ya zama malamin makaranta, ya koyar a Anacha, ya dawo Aguleri yana hedimasta tun bai wuce shekara ashirin da ɗaya ba.

A tsakanin nan wani abu ya faru wanda ba za a fahimci zafin Tansi a kan wasu al'adu ba sai an san shi. An yi ta mace-macen yara a ƙauyensu, aka je wurin boka, boka ya ɗora laifin a kan mahaifiyarsa. Aka tilasta mata shan guba, ta mutu. Saurayin da ya binne uwarsa a kan maganar boka ba zai kalli bokanci a matsayin abin nazari ko kayan ado na gargajiya ba. Duk lokacin da muka gan shi daga baya yana tsaye gaban dodanni ko yana kare wata mata da gari ya taso wa, ya kamata mu tuna da wannan mutuwar.

Hedimasta a 1924 babban mutum ne. Yana da albashi a lokacin da kuɗi ke wuyar gani, yana jin Turanci, iyayen 'yan mata suna sa masa ido. Danginsa sun ɗauka wahalarsu ta ƙare. Sai ya ce zai shiga seminari, makarantar horon firistoci da Bishop Joseph Shanahan ya buɗe a Igbariam. Wannan yana nufin ba albashi, ba aure, ba haihuwa har abada. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan yadda dangi za su ji. A wurin Ibo ma, namijin da ya mutu bai bar baya ba kamar an toshe wata ƙofa ce ta gidan kakanni. Sun yi faɗa, sun yi lallashi, ya tafi a 1925.

Shekara goma sha biyu ya yi kafin a naɗa shi. Ba Latin da falsafa da tauhidi kaɗai suka ja lokacin ba. Turawan mishan, waɗanda a lokacin yawancinsu 'yan Ailan ne, ba su gama yarda baƙin mutum zai iya riƙe alkawarin firist ba, don haka suka tsaurara gwaji. Ƙaramin kuskure yakan sa a sallami ɗalibi, kuma akan tura su ƙauyuka su yi aiki na shekaru kafin a bar su su ci gaba. Da yawa sun shiga, kaɗan suka fita. Ɗan Ibo na farko da ya tsallake shi ne John Cross Anyogu a 1930. Tansi ya biyo baya ranar 19 ga Disamba, 1937, lokacin da Bishop Charles Heerey ya ɗora masa hannu a babban cocin Anacha. Yana da shekara talatin da huɗu. Aka fara tura shi Nnewi ya yi mataimaki a ƙarƙashin Fada Anyogu, daga can sai Dunukofia, inda ya zama mai cin gashin kansa.

Mece ce ranar Fada a farish irin wannan? Da farko dai, cocin da ke cibiya ƙaramin ɓangare ne na aikin. Kowane farish yana da ƙananan tashoshi barkatai a ƙauyuka, ko wanne da rumfa ko ginin laka mai jinka, wanda yake makaranta daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Lahadi kuma ya zama coci. Mai riƙe da tasha shi ne katekis, wanda sau da yawa shi ne malamin makarantar. Shi ke koyar da katekisim da harshen Ibo, shi ke jagorantar addu'ar Lahadi, shi ke yi wa wanda ke bakin mutuwa baftisma in Fada yana nesa. Amma akwai abin da katekis ba ya iyawa: ba ya yin Mas, ba ya jin furcin zunubi, ba ya shafa wa majiyyaci mai. Waɗannan sai Fada ya zo da ƙafarsa. Wanda ya san yadda ƙauyukan Katolika na Maguzawa a ƙasar Kano da Katsina suke jiran zagayowar Fada ya san wannan tsari, don har yau bai canza sosai ba.

Saboda haka rayuwar Tansi a kan hanya take. Da ƙafa, da keke, daga baya da wani tsohon babur mai yawan lalacewa. Hanyoyin jar ƙasa ne, da damina su zama kwatami, kwazazzabai su yanke su. Yakan isa tasha da yamma, ya zauna ya gwada masu neman baftisma ɗaya bayan ɗaya, tambaya da amsa, wanda bai iya ba a ce ya jira zagaye na gaba. Sai shari'o'i: miji da mata, rikicin kuɗin aure, malamin da iyaye ke ƙara, wanda bai biya kuɗin coci na shekara ba. Sai kujerar furci, inda mutanen da suka yi watanni ba su ga Fada ba suke layi har dare ya raba. Bayan haka akwai addu'o'in Latin da doka ta ɗora wa kowane firist ya karanta kullum, ko da a hasken aci-balbal ne. Kuma a wancan zamani duk wanda zai yi Mas ko zai karɓi Tarayya Mai Tsarki ba ya cin komai, ba ya shan ko ruwa, tun daga tsakar dare. Sai a 1953 Fafaroma Pius na Goma Sha Biyu ya sassauta wannan doka. Ke nan Fadan da zai yi Mas a wata tasha da hantsi, ya hau keke ya je wata ya sake yi, yana taka feda ne da busasshen maƙogwaro a cikin zafin kurmi, ga doguwar riga har idon sawu.

Duk Fadan kirki na lokacin ya yi irin wannan. Abin da ya ware Tansi shi ne inda ya ajiye kansa a cikin al'umma. Fada a ƙasar Ibo ta shekarun 1940 hukuma ne. Shi ke ɗaukar malamai yana korarsu, shi ke biyan albashi, D.O. yana sauraronsa, gidansa yakan fi na kowa a gari, da kuku da boyi. Firistoci baƙaƙe na farko suna da dalili mai ƙarfi na riƙe wannan matsayi daidai da Turawa, don kada a ce su Fadan-fadan rahusa ne. Tansi ya bi wata hanyar. Gidansa na laka ne irin na kowa, kuma da hannunsa aka gina. In ana ginin makaranta, yakan naɗe riga ya shiga cikin kwaɓa yana takawa tare da leburori, ya ɗauki ƙasa a ka. Abincinsa bai kai na malamansa ba. Abin da aka kawo masa na ƙwai da kaji da doya yakan wuce wurin marasa lafiya da baƙi da yaran makaranta. Kutare, waɗanda ake gudu ana kora bayan gari, yakan je inda suke ya kai musu abinci. Masaniyar tarihi Elizabeth Isichei, wadda ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Jos, ta bi garuruwan da ya yi aiki ta tattara shaidar waɗanda suka zauna da shi, kuma abin da ya fi maimaituwa a bakinsu shi ne wannan: mutumin ba ya ci, ba ya barci, ba ya ajiye komai.

Ina ganin a nan asirin ikonsa yake. Tansi mutum ne mai tsanani ƙwarai, kuma mutane sun jure tsananinsa ne domin sun ga bai ɗora wa kowa kayan da bai fara ɗauka ba. Wanda zai ce maka ka tashi da asuba, in ka zo ka tarar ya riga ka durƙusawa a coci, bakinka ya mutu.

Tsananin ya fi fitowa a sha'anin aure. A al'adar yankin, da zarar an fara biyan kuɗin aure, yarinya takan koma gidan mijin, a zauna a ga ko za ta ɗauki ciki kafin a yi maganar ɗaurin aure a coci. Namiji ba ya son ya ɗaure kansa da auren da ba saki, ba kishiya, da matar da bai tabbatar tana haihuwa ba. Tansi ya ƙi wannan sam. Ya gina gidajen horo inda amaren da aka yi wa baiko za su zauna a hannun wata dattijuwa har ranar aure, suna koyon katekisim da ɗinki da girki da kula da gida da jarirai. Saurayin da ya ajiye yarinya a ɗakinsa ba aure, Fada zai aika, in ta kama ya zo da kansa, a ɗauke ta a kai gidan horo, ba kuma zai sake samunta ba sai a gaban bagade. Ya kafa ƙungiyar Maryamu ta 'yan mata, manya suna sa ido a kan ƙanana. Ya tara yaran manyan azuzuwan firamare a makarantar kwana kusa da shi, su yi noma, su ɗebo ruwa, su yi karatu, su taya shi Mas, kuma bulala ba ta nisa.

Ba zan ce duk wannan daidai ne ba. Akwai samarin da suka biya dukiyarsu bisa al'adar iyayensu, suka wayi gari wani ya shigo gidansu ya raba su da matar da suke ganin tasu ce. Akwai dattawa masu bin addinin kakanninsu da gaskiya da riƙon amana, waɗanda suka ga ɗan cikinsu yana kallon abin da suke girmamawa a matsayin aikin shaiɗan kawai. Ikilisiyar Katolika kanta, bayan babban taron Vatican na biyu a shekarun 1960, ta koyi yin magana da sauran addinai da al'adu da murya mafi taushi fiye da ta zamanin Tansi. Amma a duba ta ɓangaren yarinyar. A tsohon tsari, in shekara ta zagayo ba ciki, ita ake mayarwa gida da tabo, shi kuwa ya nemi wata. Gidan horon Tansi ya hana a ɗanɗana ta a mayar. Ya kuma ba ta abin da 'yan mata kaɗan ke samu a lokacin: watanni na koyo, a cikin 'yan'uwanta mata, kafin nauyin gida ya hau kanta. Shi ya sa matan da suka bi ta hannunsa suna cikin waɗanda suka fi riƙe sunansa har tsufansu.

Haka batun dodanni. Ƙungiyar dodo ta maza ce zalla, kuma ana cewa mai sanye da kayan ruhun kakanni ne da ya fito daga ƙasa. Mace ba ta da ikon kallonsa, balle ta ce mutum ne a ciki. In dodo ya fito, mata su watse, wadda aka kama a hanya ta sha duka. Tansi ya ce wa matan cocinsa kada su gudu. An riƙe labarin ranar da wasu maza suka tare wata mata daga cikin mabiyansa, ta tsaya ta yi ta kokawa da su, sai ga Fada a kan keke, ya jefar da keken ya shiga faɗan har suka gudu. Bai tsaya nan ba, ya sa ta kai ƙara kotu, ta kuma yi nasara. Ya yi wa'azi a kan wariyar da ake nuna wa osu, zuriyar waɗanda aka keɓe wa gumaka, da ba a aurensu ba a cuɗanya da su. Bai ci wannan yaƙin ba a rayuwarsa, don har yau akwai gidajen Kiristoci a ƙasar Ibo da ke binciken asalin mai neman aure saboda shi.

Cikin yaran da suka zo hannunsa a Dunukofia akwai wani ɗan Eziowelle, ɗan masu addinin gargajiya, wanda ya yi wa baftisma ranar 1 ga Nuwamba, 1941, ranar da yaron ya cika shekara tara. Shi ya ji furcinsa na farko, shi ya ba shi Tarayya ta farko, yaron kuma ya yi masa hidima a bagade. Sunansa Francis Arinze. Ya zama bishop a 1965 yana da shekara talatin da biyu, ya gaji Heerey a kujerar Anacha a 1967 ana gab da yaƙin basasa, ya zama Kadinal a 1985. Daga 1984 zuwa 2002 shi ne shugaban ofishin Vatican mai kula da hulɗa da sauran addinai, ofishin da ke aika wa Musulmin duniya saƙon gaisuwa a ƙarshen azumin Ramadan kowace shekara. Yaron da Fada mai faɗa da dodanni ya raina, shi aka ba aikin zama da malaman Musulunci da na sauran addinai a kan tabarma ɗaya. Arinze bai taɓa ɓoye cewa ganin Tansi ne ya fara sa masa sha'awar zama firist ba, kuma ba shi kaɗai ba ne: garuruwan da Tansi ya yi aiki sun fitar da firistoci da sistoci masu yawa.

A 1945 aka mayar da Tansi Akpu, kusa da Ajalli, ya sake farawa daga tushe: tashoshi, makarantu, gidan horon amare. A 1949 aka kai shi garinsu Aguleri. Aiki a gida ya fi wuya, don waɗanda za ka tsawata wa su ne suka san ka tun kana tsirara, dangi kuma suna jiran a ce yau ɗansu ya zama babba, su ma su sha romo. Ba su samu ba.

Sai kuma ya bar komai. Bishop Heerey ya daɗe yana son a kafa gidan ruhubanawa a dayosis ɗinsa, irin waɗanda ke keɓe kansu ga addu'a da aikin hannu, ya nemi wanda zai je ya koyo. Tansi, wanda ya jima yana jin wannan kira, ya miƙa kansa. A 1950 ya bi ayarin masu ziyarar ibada zuwa Roma, daga can ya wuce Ingila, gidan Mount Saint Bernard da ke lardin Lesta, na ɗarikar da ake kira Trappist, ɗaya daga cikin mafi tsanani a Katolika. A shekara ta gaba abokin aikinsa Fada Ulogu ya bi shi. A can aka ba Tansi sabon suna, Cyprian.

A tsaya a auna abin da wannan ke nufi. Mutum ne ɗan shekara arba'in da bakwai, wanda dubban mutane ke tashi tsaye in ya shigo, mai makarantu da malamai a ƙarƙashinsa, wanda kalmarsa ke ɗaura aure ko ta dakatar da shi. Ya koma ɗan koyo a bayan samarin Turawa da ya isa ya haifa. Trappist na wancan lokaci ba sa hira, da alamun hannu suke magana. Ba sa cin nama. Suna tashi cikin tsakiyar dare su shiga coci, su koma sau bakwai kafin wani daren. Ga sanyin Ingila a ginin dutse, ga mutumin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Aikinsa shi ne ɗakin cin abinci, da ɗinkin littattafai, da gona. Mai wa'azin da garuruwa ke taruwa su saurara ya yi shekaru ba mai neman ra'ayinsa, kuma yawancin waɗanda ke zaune da shi ba su san abin da ya gina a Najeriya ba, don bai faɗa ba.

Har matsayinsa ya daɗe a rataye. Rahibi a wannan ɗarika yana alkawarin zama a gida ɗaya har mutuwa, shi da Fada Ulogu kuwa an turo su ne da niyyar su koma. Fiye da shekara biyu suka yi ba su cikin 'yan koyo na sosai, ba su kuma baƙi ba. A ƙarshe suka zaɓi su ɗaure kansu da gidan na Ingila, su bar maganar komawa a hannun shugabanni. Tansi ya yi alkawarin farko a 1953, na dindindin kuma ranar 8 ga Disamba, 1956.

Akwai tambayar da ba a iya kauce mata: ba asara ba ce? A lokacin firistoci 'yan ƙasa ba su da yawa, jama'a na tururuwa zuwa coci, ga ƙwararren ma'aikaci ya tafi wanke kwanuka a wata ƙasa. Mutanen farish ɗinsa da yawa haka suka gani, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Amsar da zan iya bayarwa ita ce tafiyar ta fito da gaskiyar shekarun da suka gabace ta. Mai tsanani irin Tansi kullum yana cikin haɗarin a ce son mulki ne ke tura shi, talaucin nasa ma wata hanya ce ta fin kowa. Da haka ne, da ba zai iya shekara goma sha uku a wurin da ba mai yi masa biyayya, ba mai ganin ƙanƙan da kansa ya yaba ba. Waɗanda suka zauna da shi a Ingila ba su tuna da mai zafi ba. Sun tuna da dattijo mai haƙuri da murmushi, wanda ke karɓar gyara daga na ƙasa da shi ba musu.

Da lokacin kafa sabon gidan ya yi a 1963, sai aka sauya shawara: ba a Najeriya za a yi shi ba, a Kamaru ne, a Mbengwi kusa da Bamenda. Wannan ya yi masa ciwo, don saboda ƙasarsa ya baro ƙasarsa. Ya karɓa. Aka zaɓe shi ya zama mai horon sababbin shiga a can, amma jikinsa ya riga ya gaji, gyambon ciki ya daɗe yana cinsa. A Janairun 1964 ciwo ya kama shi a ƙafa, aka gano jini ne ya daskare a jijiya, aka kai shi babban asibitin Lesta. Ranar 20 ga wata babbar jijiyar jini ta fashe masa, ya rasu yana da shekara sittin. Aka binne shi a maƙabartar gidan. Cikin waɗanda suka halarci jana'izar akwai Fada Arinze, wanda ke karatu a Landan a lokacin.

A 1986, zamanin Akbishop Stephen Ezeanya, aka tono ƙasusuwansa aka kawo Anacha. A wurin taron tarbar ne wata budurwa mai fama da ƙari a ciki ta taɓa akwatin, ta warke, kuma bayan binciken likitoci da malaman tauhidi Vatican ta amince da warakar a matsayin mu'ujizar da doka ke nema. Ranar 22 ga Maris, 1998, a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana shi Mai Albarka a gaban ɗimbin jama'a a Oba, kusa da Anacha, a ziyarar da ya gana da shugabannin Musulmi a Abuja. Katolikan Najeriya suna bikin tunawa da shi kowace 20 ga Janairu, firistocin ƙasar kuma suna ɗaukarsa a matsayin majiɓincinsu. Kafin a kira shi waliyyi, ƙa'ida tana buƙatar a tabbatar da wata mu'ujiza guda da ta faru bayan 1998.

Gidan da aka kafa a Mbengwi ya yi ƙarfi har ya kai ga haihuwa. A shekarar 2000 ruhubanawansa suka tsallako iyaka suka buɗe reshe a Nsugbe, garin da ke tsakanin Anacha da Aguleri.